Malam Yero da Faifan da Na Goge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar wata Asabar ce bayan la'asar, ina zaune a ƙofar gidana a Gusau ina gyara wa maƙwabcina tsohuwar tafireta, sai ga Haruna direban ofishinmu a kan mashin. Bai kashe mashin ɗin ba, bai kuma sauko ba. Ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri. Allah ya yi ma Malam Yero rasuwa. Motar hatsi ta buge shi bisa hanyar Tsahe yana dawowa. Ko da anka kai shi asibiti rai ya yi halinshi."

Ban tambayi Haruna abin da ya kai Malam garin Tsafe ba. Duk Gusau babu wanda ya fi ni sanin abin da ya fitar da shi daga gida ran nan, kuma wannan sanin ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, bayan an yi sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. A rugarsu da ke bayan Bungudu aka yi jana'iza. Da liman ya juyo ya ce jama'a a yafe masa, na buɗe baki tare da kowa na ce mun yafe, alhali na san a cikin sahun nan kaf ni ne ya kamata in tsaya in roƙa.

Tare muka taso daga Sakkwato lokacin da aka ƙirƙiro jiha, aka zuba mu a wani ɗan ofishi mai ɗaki uku. Ni mai buga tafireta ne, shekara goma sha tara ina wannan aiki, kuma ina taɓa gyaranta. Shi kuwa ɗan makiyaya ne, shi kaɗai a gidansu ya yi nisa a boko. Na girme shi da shekara takwas, amma ranar da aka sauke mana kwamfuta a cikin kwali, ranar na zama ɗalibinsa, kuma ban taɓa jin nauyin kiransa Malam ba. Dogo ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ba ya shiga ɗakin kwamfuta da takalmi. In an tashi aiki, da wani tsohon zanen matarsa yake lulluɓe na'urar. Duk Litinin yakan zo da gorar nono daga ruga, ya zuba wa masinja kafin ya zuba wa shugaban sashe, kuma har ya bar duniya babu wanda ya iya sa shi ya canja wannan tsari. Kaɗo yake kirana, yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ni kuma in ce masa na bayan shanu. Idan na buga abu ba daidai ba na hau zagin na'ura, sai ya yi murmushi ya ce, "Bar ta, Kaɗo. Na'ura ba ta san nuhi ba, magana taka ji."

Wata rana ya kwance murfin kwamfutar ya kira ni. Ya nuna mini faifan ajiya guda biyu, waɗanda duk abin da muka buga a cikinsu yake zama, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowanne da wayarsa. Ya ce wanne ne na farko? Na ce na sama mana, wannan ai ko makaho ya laluba ya sani.

Ya ce, "To ni mi as sunana?"

Na ce, "Yero."

Ya ce, "Wanga ba suna ba na, lamba ta. Gidanmu namijin fari Dikko, na biyu Sambo, na ukku Yero. Sunana na yanka Usmanu. Da Inna ta haihi wani namiji gabana, da wani suna nika amsawa yau, kuma ni ɗin dai ni na."

Da wannan ya buɗe mini karatun da har gobe ban manta ba. Akwai wani ɗan shiri a jikin allon na'urar da ke fara farkawa da zarar an kunna wuta, ana ce masa bayos. Malam ungozoma yake ce masa, don aikinsa shi ne ya ƙirga wanda ya fara zuwa. Faifan da ya fara ƙirgawa ya ba shi lamba tamanin, na biye tamanin da ɗaya, haka har su ƙare. Malam ya ce ba tamanin ɗin kasuwa ba ce, lissafin na'ura daban yake, amma takwas da sifiri ake rubutawa, don haka muka bar ta a tamanin. Daga nan sai ungozoma ta miƙa ragama ga wani shirin, mai tada babban tsarin aiki, wanda Malam ke kira jagora. Shi jagora ɗan mitsitsi ne, bai san sama ba bai san ƙasa ba, lamba kawai ya sani. Tun ranar da aka dasa shi yake rubuta wa kansa cewa sauran kayansa suna wuri kaza a faifai mai lamba kaza, kuma yawanci cinta yake yi, ya ɗauka na sama ne tamanin. In cintarsa ta yi daidai, lafiya lau. In ba ta yi ba, sai an buɗe takardarsa an rubuta masa da hannu cewa wane shi ne tamanin, wane tamanin da ɗaya. Babban tsarin kuwa, in ya gama tashi, yana kiran kowane faifai da sunan mazauninsa a jikin waya, wannan ba ya canjawa sai an taɓa wayar.

Malam ya rufe da cewa, "Abin da nika so ka riƙe, ungozoma ana iya ce mata ta fara ƙirga daga ƙasa. Rannan Sambo ya zama Dikko, kuma ba wanda ya motsa daga inda yake."

Na ce na gane. A gaskiya dariya na fi yi, don ban taɓa ganin wanda ya raɗa wa ƙarfe sunan Fulani ba.

Faifan sama na ofis ne, wasiƙu da rahotanni. Na ƙasa kuwa Malam ya saya da kansa, ya sa masa wani tsarin aiki daban da wani abokinsa ya aiko masa, kuma a cikinsa yake tara aikin da ya fi komai tsaya masa a rai. Burtali yake rubutawa, hanyoyin da shanu ke bi tsakanin gonaki. Ya ga sabuwar jiha ta zo da sabon rabon filaye, ya ga hanyar da mahaifinsa ya bi da garke tana tsukewa kowace damina, ya ce in ba a rubuta ba wata rana manomi da makiyayi za su tsaya a wuri ɗaya kowa ya rantse, kuma babu mai raba su. Yakan ce, "Burtali bakin tsohhi yake, su kau tsohhi tahiya sukai." Duk Asabar sai ya ɗaure rikoda a bayan mashin ya nufi Bungudu, ko Magami, ko ƙauyukan Tsafe. Ba ya jin bakin arɗo shi kaɗai, sai ya haɗa da na mai unguwa da na tsofaffin manoma. Ni da kaina na kai shi wurin baffana a Magami, suka wuni suna musu a kan wata tsamiya, suka rabu baffa na ba shi kyautar zabo. Kaset uku gare shi kacal. In ya dawo sai ya saurara ya buga a faifan ƙasa, sannan ya naɗi sabuwar hira a kan tsohuwa. Kusan shekara biyu yana haka.

Farkon daminar bana cutar kwamfuta ta shiga faifan ofis, wasiƙu suka riƙa lalacewa. Ranar Alhamis da safe aka aiko wa Malam cewa Inna, mahaifiyarsa, ba ta da lafiya. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ya waiwayo ya ce mini, "Na juya layi don kada ta tashi daga mai cutar. Kada ka taɓa sai na dawo." Na ji shi da kunne ɗaya, na ce Allah ya ba Inna lafiya.

Wajen azahar shugaban sashe ya shigo yana neman wasu takardu da gaggawa. Na ce na'ura ba lafiya, sai Malam Yero ya dawo. Ya ce, "Haba Malam Garba, shekara biyu kana zaune kusa da shi, har yanzu ba ka iya ba?" Wannan maganar ce ta shige ni. Ban ɗora wa shugaba laifi ba, tambaya ya yi, girman kaina ne ya amsa. Sau biyu na taɓa ganin Malam yana goge faifai ya sake shirya shi, kuma wasiƙun ofis muna da kwafinsu a takarda. Na ɗauko ɗan faifan da ake tada na'ura da shi, na zura, na kira shirin gogewa. Ya tambaye ni faifai na ɗaya ko na biyu. Na ce na ɗaya, ina kallon na sama a zuciyata. Ya nuna mini cewa akwai wani sashe a ciki da bai gane irinsa ba, na ce ai cutar ke nan. Ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Da na gama na leƙa faifai na biyu, sai ga wasiƙun ofis reras, da su da cutarsu, babu abin da ya taɓa su. A nan maganar bakin ƙofa ta dawo mini gaba ɗaya. Ya juya layi. Na ƙasa ne ya zama tamanin, shi shirin gogewa ke kira na ɗaya. Aikin shekara biyu na share, na kuma jera masa sabon wuri fes a kai. Na kashe na'urar, na lulluɓe ta da zanen. Da yammacin ranar hadari ya haɗo, aka yi ruwa da tsawa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi har ƙwan fitilar baranda ya fashe. Shaiɗan ya miƙo mini ƙarya, na sa hannu biyu na karɓa.

Ranar Litinin Malam ya zo da gorarsa, ya ce Inna ta ji sauƙi. Ya cire zanen, ya kunna. Na tsaya a bayansa na ce tsawar ranar Alhamis ce, tun daga nan ban gane kan na'urar ba. Ya daɗe yana duba abin da ke kan gilashin kwamfutar, yana danna wannan yana danna wancan. Can ya ce, "Tsawa?" Na ce, "Tsawa." Ya ce, "Allah mai iko." Ya tashi ya yi alwala, ya yi raka'a biyu a kusurwar ɗakin. Da ya sallame ya tambaye ni ko na karya kumallo, ya zuba mini nono a kofi. Na sha, ban san ta inda ya bi ba.

Ɓangaren Bungudu kawai ya tsira, don shi ya taɓa kwafewa a ƙananan faya-fayai. Na Magami da na Tsafe sun tafi. Abin da ya fi ciwo, wani tsohon arɗo na wajen Tsafe, wanda ya zayyana masa hanya tun daga bakin daji har mashaya, ya rasu da rani, kuma an riga an naɗi wata hira a kan muryarsa. Malam bai yi ƙorafi ga kowa ba. Ya sake shirya faifansa, Asabar ta zagayo ya ɗaure rikoda ya fita, ya koma farko.

Wata biyar muka yi bayan haka a ɗaki ɗaya. Bai rage mini komai ba, sai ma ƙara mini karatu da ya yi. Ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake shiga na'ura in ta ƙi tashi, da yadda ake buɗe takardar jagora a gyara lambobi, ya sa na maimaita har sau uku, ya ce wata rana ba ya nan. Ni kuwa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko ruwan sama aka ambata sai in tsargu. Sau da yawa na ƙulla niyyar faɗa masa. Akwai ranar da muka fito masallaci na ce, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi." Ya tsaya, ya dube ni, ya jira. Wallahi ya jira. Sai na ji bakina yana tambayarsa kuɗin taya a kasuwa. Ya amsa mini, muka koma ofis.

Asabar ɗin da ya rasu, wurin ɗan wancan arɗo ya je, ko zai tuna wani abu daga abin da mahaifinsa ya faɗa. Na san ajali ba ya wuce ranarsa, na san in kwana ya ƙare ko a kan gado mutum yake sai ya tafi. Wannan karatun tun ina yaro na yi shi. Amma ita zuciya ba ta daina gaya mini cewa da ban danna abin da na danna ba, da ba shi da abin nema a kan hanyar Tsafe ran nan.

Sati uku bayan rasuwar, ofis ya sayo sabon faifai, wani mai gyara ya zo daga wani gari ya ɗaura shi ya tafi. Washegari aka kunna na'ura, sai ta rubuta haruffa biyu a kusurwar gilashi, L da I, ta tsaya cik. Haruffa huɗu jagora ke rubutawa in zai tashi, kowanne alamar ya haye mataki ɗaya, ga shi ya faɗi rabin kalma ya yi shiru. A kashe a kunna, haka. Kafin azahar magana ta zagaye ofis cewa na'urar Malam Yero ta ƙi kowa. Mai shara ta ce ita ba ta ƙara shiga ɗakin. Ba zan ɓoye ba, ni ma na tsorata, don ni ina da dalilin tsoro da ba su da shi.

Na rufe ƙofa, na cire takalmi, na kwance murfin, na yi ƙirga irin ta ungozoma. Mai gyaran ya ɗaura sabon faifan a waya ɗaya da na sama, saboda haka shi aka ƙirga na biyu. Faifan Malam ya koma na uku. Jagora yana can yana ƙwanƙwasa ƙofar tamanin da ɗaya, kayansa kuwa suna tamanin da biyu. Na nuna su da yatsa ina faɗa a fili, Dikko, Sambo, na zo kan na ukun, faifan Malam, sai ga shi Yero ne.

Na bi hanyar da ya koya mini na shiga, na buɗe takardar jagora don in rubuta sabuwar lamba. A irin wannan takarda akan bar wasu layuka da na'ura ke tsallakewa, na mutane ne kawai. A saman lambobin na tarar da layi uku, da kwanan wata a gefe, kwana biyu bayan waccan Litinin:

"Na sama tamanin, na ƙasa tamanin da ɗaya. Na maida kowa layinshi.
Kaɗo, tsawa ba ta share faifai ta jera shi tsaf.
In ka tashi gogewa wata rana, cire wayar ɗayan tukuna."

Ashe tun kafin ya tashi yin alwala ya sani. Ni da na yi shekaru ina gyaran tafireta, na san ribon ɗin tawada ba ya canja kansa, amma na zaci zan ruɗi Malam da tsawa. Ya sani ya zuba mini nono. Ya sani ya koya mini buɗe takardar nan, wadda duk ofishin ba mai buɗe ta sai ni. Fulako, kunyar nan ta Fulani, ya hana shi kunyata babba ido da ido, sai ya ajiye maganar a inda zan same ta. Na karanta layukan nan ban san iyaka ba. Wata rana in ji su da muryar tsokanarsa, har in ga murmushin. Wata rana in ji su da muryar mutumin da aka cuta aka kuma raina wa hankali. Kalma ɗaya nake nema a ciki, ta yafiya, ba ta nan, kuma ba laifinsa ba ne, don ba a ba da abin da ba a roƙa ba.

Na gyara lambar, na sake dasa jagora, na'ura ta tashi. Na buga duk abin da ya sake tarawa a takarda, shafi sittin da 'yan kai. A ɓangaren Tsafe akwai wurin da ya rubuta sunan wata ƙorama, ya bar fili, ya ci gaba daga wani dutse. Na je da kaina ko zan cike, amma tsofaffin da suka saki baki da Yero da Fulatanci ba su ga dalilin sakin baki da baƙon Bahaushe mai takarda ba. Sun ba ni ruwa, sun yi mini ta'aziyya, na dawo. Filin yana nan yadda ya bar shi.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki takardun na tafi ruga. Na sami Inna a gindin bukka tana ɗinkin faifan rufe ƙwarya, babban ɗanta Dikko na zaune gefe. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo da magana mai nauyi. Na ce ni na lalata wa Malam faifansa. Ta dubi wanda ke hannunta ta ce, "Faifai in ya warware ai sake ɗinkawa akai, ɗana." Sai da na yi mata bayani a hankali cewa wannan ba ya ɗinkuwa, cewa maganar tsofaffi ce a ciki, cewa ita ya koma nema har mota ta same shi. Na faɗi maganar tsawa ma, ban rage komai ba.

Ta ajiye allurar. Sannan ta ce, "Ba kai ka kai shi Tsahe ba, kwana nai ya ƙare. Abin da ya shahe ni, ni da ɗiyanshi, na yahe maka duniya da lahira." Na fara godiya, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Amma ƙaryar, ba ni ka yi ma ita ba. Wagga ba ni da ikon ta."

Gaskiya ta faɗa, kuma da ita na dawo Gusau.

Ya Allah, ga bawanka Usmanu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa wani asiri yana da ikon tonawa, ka rufa masa nasa ranar da asirai ke bayyana. Ka sa tafiye-tafiyen da ya yi don a zauna lafiya su zama nauyi a mizaninsa. Ka ba Inna da 'yan'uwansa haƙurin rashinsa, ka dafa wa matarsa, ka raya 'ya'yansa uku a kan halinsa, kada ka bar su su nemi komai a hannun wanda zai wulaƙanta su. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani, ka kuma ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun mai ita yana tsaye yana jira. Ni kuma, ya Ubangiji, ka haɗa ni da Malam Yero a inda zan iya faɗa masa da bakina, ka kuma sa ya amsa. Amin.